Faifan da Muke Gasawa a Motar Tari

A duk shekarun da na yi ina aikin hoton ƙirji, abu guda nake fata da ba mu taɓa yin sa ba, shi ne gasa faifan awo. Da sunan tsabta muka yi, mun daɗe muna yi, kuma a hannuwan abokin aikinmu Ladan abin ya ƙare. Na ɗauki alƙalami ne saboda ku matasan da kuke ɗaukar hoto a asibitoci yanzu. Kwanaki na ji ɗayanku yana cewa aikin nan danna maɓalli ne kawai, ina kallon bajonsa na awo rataye a jikin makullin babur. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na ga abin da ke faruwa in bajo bai faɗi gaskiya ba.

An ɗauke ni aiki a farkon mulkin farar hula na biyu, lokacin da gwamnati ke da abin hannu. Firamare kawai na gama a Dingyadi. An kawo wata doguwar mota fara, da injin hoto a cikinta, tana jan janareto a baya. Aikinta zagaya ƙauyukan Bodinga da Shagari, ana neman masu tarin fuka tun ciwon bai ci su ba. Mutane suka sa mata suna motar tari, sunan ya bi mu har gida. Mu uku ne a ciki. Malam Haliru shi ne shugaba, shi ya yi karatun injin. Ladan mutumin Danchadi ne, shi ke tsayar da mutane gaban allon hoto. Ni kuma, Altine, aka ba ni ɗakin duhu.

Ɗakin duhun nan a bayan motar yake, mutum ba ya iya miƙa hannuwansa biyu a ciki. Akwai jar fitila ƙarama da tankuna na ruwan magani: na fito da hoto, na ɗauraya, da na kama hoton kada ya gushe. Malam Haliru bai fara nuna mini tankunan ba. Rawaninsa ya cire ya ɗaure mini ido, ya ba ni wani tsohon fim da akwatin fim, ya ce in sa in cire har yatsuna su haddace. Na yi ta yi har na gaji da jin ƙarar ƙugiyar akwatin. Da bazara ta zo na koyi wani abin. Ruwan magani yana ɗaukar zafi, hoto ya fito baƙi ƙirin. Sai na riƙa naɗe tankunan da jiƙaƙƙen buhu, ina ajiye ruwan ɗauraya a tulu. Wata rana a kasuwar Shagari na buɗe kwalin fim ban sa sakata ba, iska ta turo ƙofa, haske ya cinye aikin safiya gaba ɗaya. Malam Haliru bai zage ni ba. Cewa ya yi in fita da kaina in gaya wa mutanen da suka bar gonakinsu cewa su sake shiga layi. Tun daga ranar nake taɓa sakata kafin in taɓa kwali.

Aikin Ladan ya fi nawa wuya, domin shi ke fama da mutane. Sai ya sa mutum ya tuɓe riga, ya ɗora haɓa a kan allo, ya turo kafaɗu gaba, ya ja numfashi ya riƙe. Mata sai an ba su zane na musamman an ja labule, wasu ma sai da mijin a tsaye bakin ƙofa. Tsofaffi kuwa rigimarsu a kan layu take. Na tuna wani dattijo a Dingyadi da ya dafe wuyansa da hannu biyu.

"Baba, tuɓe layun ga," in ji Ladan.

"Yaro, tun ba a haihe ka ba suna nan wuyana. Ba ni tuɓe su don mota."

"To bar su. Amma injin ga shina ganin su, kuma in likita yag gane su cikin huhunka, allura za ka sha har a yanke gero."

Dattijon ya cire su da sauri, ya danƙa wa Ladan, ya ce in ɗaya ta ɓace sai sun haɗu gaban hakimi. Haka Ladan yake. Bakinsa ke sa layi tafiya, kuma hannunsa na da taushi ga mai ciwo. Ƙato ne, manomin albasa a fadamar garinsu, tafin hannunsa kamar faranti.

Yanzu bari in yi bayanin bajo yadda daga baya aka fahimtar da ni. Abin da ke fitowa daga injin hoto ido ba ya ganin sa, fata ba ta jin sa. Mu a aiki tururi muke ce masa, ko da yake ba shi da zafi ko wari. Yana ratsa nama ya zana ƙashi a kan fim. Kaɗan ba ya cutar da marar lafiyar da ya zo sau ɗaya. Amma ma'aikacin da ke tsaye kusa kullum, yana taruwa masa. Shi ya sa ake ba kowane ma'aikaci bajo ya maƙala a ƙirji. Bajon ɗan gida ne na roba, a cikinsa akwai siririn allo na ƙarfe, a jikin allon an dasa ɗan faifai fari, bai fi maɓallin riga ba. An yi faifan da wani irin gishiri. Duk tururin da ya bugi mutum ya bugi faifan, shi kuma sai ya kama wani abu daga ƙarfinsa ya ɓoye a cikinsa. Ba ya canza launi, ba ya ƙara nauyi. In an kai shi ofishin awo, sai a sa shi a na'ura mai duhu a ɗora masa zafi. Zafin ke sa ya saki abin da ya ɓoye, ya fito a matsayin ɗan haske mai rauni ƙwarai. A cikin na'urar akwai wani ido da ke auna hasken. Haske da yawa, mutum ya sha tururi da yawa. Haske kaɗan, ya sha kaɗan. Da zarar ya saki hasken nan, faifan ya koma wayam, sai a sake ba wani.

Duk wannan ba mu san shi ba a lokacin. An aiko mana da bajojin ne daga ofishinmu na Sakkwato, aka ce kowa ya rataya nasa, bayan 'yan watanni a zare allunan a sa a ambulan a mayar, za a tura su kudu inda na'urar take. Akwai kuma guda ɗaya da ba na kowa ba, aka ce a ajiye shi nesa da injin a haɗa da sauran wajen mayarwa. Malam Haliru da bajon fim ya yi karatu, irin na dā, wannan sabo ne a wurinsa shi ma. Kuma ba mutum ne mai son a ga bai san abu ba.

Karo na farko da na kai ambulan tashar Bodinga, direban da ke kai mana saƙo Sakkwato ya ja da baya, ya sa hannuwansa a aljihu.

"Mi ac ciki?"

"Kayan aiki na, 'yan ƙarahuna. Ba su da nauyi."

"Daga motar tari? Waɗanda kuka ratayawa ga ƙirji masu huka na yi muku tari bisa? Kai, Altine, ina da ɗiya ƙanana gida. Nemi wani."

Na koma na gaya wa Malam Haliru. Ba mu ga laifin direban ba, domin mu kanmu mun san yadda ake yi mana tari a fuska. A cikin motar muna da tandar ƙarfe mai aiki da wutar janareto, wadda ake gasa kwalaben majina da allurai a ciki don kashe ƙwayar cuta. Ƙa'idarmu ita ce duk abin da zai fita daga motar zuwa hannun wani sai ya bi ta tandar nan. Malam Haliru ya ce robar za ta narke, amma allon ƙarfe ne, faifan kuma na ga alama yana da tauri. Na gwada ɗaya, ya fito lafiya lau, ko tabo babu. Muka ji daɗi. Na jera su duka a tire, har da wanda ba na kowa ba, na gasa su tare da kwalabe, na bari suka huce, na sa a sabon ambulan. Na koma tasha na ce wa direba an gasa. Ya karɓa da hannu biyu, har ya ce mu mutanen kirki ne. Daga ranar ya zama cikin aikina, kuma ina yin sa da kulawa.

Sakamako ya riƙa zuwa jefi-jefi, kullum magana ɗaya: babu wanda ya sha abin da za a ambata. A farko hakan gaskiya ne ko kusa da gaskiya, domin komai na motar sabo ne. Ladan kan tsayar da mutum, ya koma bayan katangar darma mai tare tururi kusa da Malam Haliru, sannan a danna.

Sai abubuwa suka juya. Kuɗin man fetur da gwamnati ke samu ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yanke. A hanyar Danchadi motar ta faɗa wani rami, ƙarfen da ke riƙe akwatin fim a jikin allo ya karye daga gindi. Maƙeri ya yi mana wani, bai tsaya daidai ba, hoto yana fitowa a karkace. Aka rubuta neman sabo, shiru. Layi kuwa bai ragu ba. Damina ta yi gardama a shekarun nan, gero bai yi ba, yunwa ta shiga gidaje, tari ya ƙaru. Mutane kan zo a kan jaki, wasu ba sa iya tsayuwa da kansu.

Ladan ne ya ce shi zai riƙe. Ya riƙa tsayawa a bayan akwatin fim, ya kama gefe da gefe da yatsunsa, ya manna shi a ƙirjin marar lafiya, wani lokaci har ya tallafe mutumin da gwiwa. Tururin da ya wuce gefen jikin marar lafiya a kan yatsun Ladan yake sauka kai tsaye. Rigar darma ɗaya gare mu, ta tsattsage saboda ninkewa, kuma a zafin bazara cikin motar ƙarfe ba mai iya yini da ita. An ce na ɗan lokaci ne, kafin sabon ƙarfe ya iso.

Ni ma daga ɗakin duhu na ƙara wa Ladan kaya ban sani ba. Ruwan maganin da ya kamata a zubar sai na riƙa ƙara masa ruwa ina tacewa da ƙyalle, domin babu wani. Ruwan da ya gaji ba ya fito da hoto sosai. In na leƙo na ce ya yi fari, sai Malam Haliru ya ƙara wa injin ƙarfi, ko a sake ɗauka. Kowane ƙari, kowane sakewa, Ladan na tsaye a wurin.

Malam Haliru bai ji daɗin tsarin ba, wannan zan shaide shi. Ya hau mota ya tafi Sakkwato ya ce a dakatar da fita har a gyara. Ya dawo fuskarsa a murtuke. An ce masa bajojinmu sun fi na kowa tsabta, to mene ne abin tsoro? In muna son hutu ne mu faɗa, akwai masu neman aiki. Ya zauna a matakalar mota ya ce wa Ladan, "To, awo ya ce ba komi. Ƙila injin namu mai kirki na." Ladan ya yi dariya ya ce dama shi fatarsa ta jaki ce.

A wurin cin abinci na fara lura. Gashin bayan yatsunsa ya zube. Fatar ta bushe tana sheƙi, faratan suka yi layi-layi suna tsagewa. Wata rana a Shagari aka kawo mana tuwo da zafi, ya kai hannu ya janye.

"Ladan, mi as samu hannunka?"

"Ruwan hwadama na. Dashen albasa ka sa haka."

"Ni ma ɗan manomi na. Albasa ba ta cin hwarce."

"To ruwan maganinka na, mai warin tsiya. Kullum sai na taya ka ɗauke tankuna. Ci tuwonka, likitan duhu."

Muka sa masa man shanu, muka sa man kaɗanya. Wani tsoho ya ba shi garin magani. Tsagar da ke kan manuninsa ta dama ta buɗe ta ƙi rufewa. Ya riƙa naɗe ta da tsumma yana kama akwatin fim a haka. Ba wanda ya kawo injin a ransa da gaske, domin an auna an ce ba komai.

Bayan sojoji sun karɓi mulki ne wani baƙo ya same mu a Bodinga. Malam Rashidi sunansa, daga ofishin awo na kudu, amma a Gusau ya tashi, Hausa a bakinsa. Wani aiki ya kawo shi Sakkwato, ya ce sai ya ga motar nan da idonsa. Ya ce shi ke sa fayafayanmu a na'ura, kuma sun daɗe suna damun sa. Ƙasa da sama da bangon ɗaki duk suna fitar da ɗan tururi, ko faifan da aka kulle a aljihun tebur yakan tara wani abu. Namu kuwa suna zuwa da abin da bai kai na tebur ba, kamar ba su taɓa zama a duniya wata guda ba. Ya rubuto tambaya, ba ta iso mu ba. Da farko ya zaci ba ma ratayawa. Muka nuna masa ƙirazanmu.

Ya ce in nuna masa yadda nake shirya su, daga farko har ƙarshe. Na wanke hannu, na zare allunan, na jera a tire. Da na buɗe murfin tanda, sai ya riƙe mini hannu.

"Me za ka yi?"

"Gasawa, ranka shi daɗe. Saboda ƙwayar tari."

"Kullum haka kake yi?"

"Ban taɓa tsallakewa ba."

Ya nemi wuri ya zauna. Sannan ya yi mana bayanin da na rubuta muku a sama, a hankali, yana maimaitawa. Ya ce abin da na'urarsu ke yi, shi tandarmu ke yi, sai dai ita ba ta da ido. Hasken yana fita a cikin duhun tanda, tsakanin kwalaben majina, ba mai gani, ba mai aunawa. Abin da ke isa wurinsu faifai ne da aka riga aka zazzage.

Malam Haliru ya tambaya ko akwai dabarar da za a dawo da lissafin baya. Ya ce babu. Sau ɗaya faifai ke magana.

Ana cikin haka aka shigo da wata tsohuwa, Ladan ya tashi ya ɗauki akwatin fim ya tsaya inda ya saba. Malam Rashidi ya dube shi, ya dubi karyayyen ƙarfen, ya ce kada a danna. Ya sa Ladan ya kwance tsumman. Ya juya hannun a hasken ƙofa, ya duba ɗayan.

"Tun yaushe kake riƙewa?"

"Tun ana kamfen ɗin zaɓe na biyu," in ji Ladan. "Malam, in ba ni riƙe ba, wa ka riƙewa? Tsohuwar ga daga nesa ta hito."

"Ba kai ba, ba kowa ba. A kashe janareto."

Ranar motar ta yi aikinta na ƙarshe. Aka ja ta Sakkwato da sunan gyara, ba ta dawo ba. Ba a jima ba aka yi rage ma'aikata, sunan Ladan da nawa suka fito. Ni na samu wani ɗakin duhun a asibitin kuɗi, na ci gaba da sana'a har na tsufa. Ladan ya bi ofisoshi yana neman a ɗauki nauyin jinyarsa a matsayin wanda aiki ya raunata. Malam Rashidi ya rubuta abin da ya gani, Malam Haliru ya sa hannu, ni ma na je na faɗi abin da muka yi. Aka ce an ji, amma abin da doka ta sani shi ne awo, awo kuwa ya nuna bai sha komai ba. Wani ma ya ce ƙila kuturta ce. Wannan kalmar ta fi yi masa ciwo, domin ta riga shi isa Danchadi, mutane suka fara ware masa kwano.

An yanke manunin dama, daga baya na tsakiya, sannan aka koma hagu. Gyambon kan lafa ya sake tashi a wani wurin. Dashen albasa aikin yatsu ne, sai ya bar wa ƙannensa fadamar.

Na kai masa ziyara wata ranar kasuwa. Na same shi a zaure, hannuwan a kan cinya cikin farin ƙyalle. Na ba shi goro, ya dube shi, ya dube ni.

"Ɓare min, likitan duhu. Ko shi ma sai ka gasa?"

Na ɓare na sa masa a baki. Ya tauna, ya tambayi labarin Malam Haliru da na direban tasha. Da zan tafi ya ce abu ɗaya ke tsaya masa a rai, ba yatsun ba. Ya ce da ma a ce an auna an gaya masa yawan abin da ya sha, ko da ba za a ba shi komai ba, don ya san abin da zai ce wa masu ware masa kwano. Na yi masa sallama na tafi. Ya rasu bai ga ƙarshen mulkin soja ba.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Bajonku a ƙirji yake zama, ba a jikin makulli ba. Kada ya kusanci wuta, ko dutsen guga, ko gaban mota a rana. Duk kayan aikin da aka ba ku ba ku san yadda yake aiki ba, ku tambaya kafin ku yi masa gyaran kanku, ko da niyyarku mai kyau ce. In sakamako ya zo da tsabtar da ta fi ƙarfin abin da idonku ke gani, kada ku yi murna, ku bincika. Kuma in wani babba ya ce ku riƙe akwatin fim da hannu na yau kaɗai kafin a gyara, ku ce a'a, ko da layin ya kai bakin kasuwa.